Hotunan tsuntsaye da furanni na Japan: wanne za ka saya?

Idan ka ƙudiri sayen irin hotunan nan na Japan da ake sassaƙa katako, a shafa masa launi, a danna a takarda da hannu, musamman na tsuntsaye da furanni da suke kira kacho-e, sunayen masu zane uku za ka yi ta ji: Hokusai, Hiroshige da Ohara Koson.

Hokusai dai ka bar shi. Furanninsa na shekarun 1830 suna gidajen tarihi, wanda ya fito kasuwa kuwa sai attajirai. Hiroshige ya fi samuwa, amma da yawa rana ta ci launinsu, sun koɗe.

Ni wajen Koson nake, ba na ɓoyewa. An haife shi a 1877, ya rasu a 1945, kuma kusan duk rayuwarsa tsuntsaye ya zana: hankaka a kan reshe, balbela cikin ruwan sama, agwagi ƙarƙashin wata. Ka karkata hoton balbelarsa zuwa haske ka gani, a wasu hotunan, farin gashin babu launi ko ɗigo, takardar ce aka danna ta kumbura. Daga 1926 ya koma aiki da maɗaba'ar Watanabe a Tokyo yana sa hannu da sunan Shoson, waɗanda ya yi wa wata maɗaba'ar daban kuma Hoson. Kada bambancin sunan ya firgita ka, mutum ɗaya ne.

Inda ake cutar mutane shi ne intanet. Wani mai sayarwa ya taɓa aiko mini da hoto manne da kwali, wai don kada ya lanƙwashe, ashe bayan yake ɓoyewa. Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka ce a nuna maka bayan takardar. Bugun hannu na gaskiya launinsa yana ɗan huda takardar, kuma za ka ga sawun gogar da aka yi. Na inji bayansa fari fat, gabansa kuma ɗigo-ɗigo ne idan ka sa gilashin ƙara girma. Ka duba hatimin maɗaba'a a gefe, domin an ci gaba da buga wasu bayan rasuwarsa, kuɗinsu ba ɗaya ba. Wanda aka yanke wa gefe, ka rage masa kuɗi sosai.

Idan ado kawai kake nema, cibiyar Adachi da ke Tokyo tana sake buga Hokusai da Hiroshige da hannu, kuma ba ta ɓoye cewa sabon bugu ne.