Hattara da masu raba fom ɗin "tallafin jinya" a Katsina

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe ina kai-kawo tsakanin in rubuta wannan ko in bar shi a cikina, don abin kunya ne a gare ni. Ni ne sakataren ƙungiyar taimakon juna ta unguwarmu, ni ake kawo wa takarda in karanta, kuma da ni aka damfara. Sai jiya na ji an fara raba irin fom ɗin a wajejen Ƙofar Marusa, wani kuma ya ce ya gan shi a hannun surukarsa a Daura, na ga shirun ya isa haka.

Bayan ƙaramar Sallah ne wani saƙon murya ya shigo zaurenmu na WhatsApp, wai wata gidauniyar agaji daga Ingila ta ware kuɗi don masu ciwon ƙoda, masu sikila da mata masu juna biyu. Kowane majinyaci Naira 350,000, ƙungiya mai rajista kuwa har miliyan 5. Da a waya abin ya tsaya da ba mu kula ba. Sai ga mutum ya zo da ƙafarsa, dattijo kamili, da katin shaida rataye a wuya, ya yi sallar la'asar tare da mu, ya tambayi liman ko akwai marasa lafiyar da ba su da gata. Ya san sunayen magungunan masu sikila, ya san kuɗin wankin ƙoda, bai kuma nuna gaggawa ba ko kaɗan. Abin da ya ci mu ke nan.

Fom Naira 3,000. Wa zai yi gardama a kan dubu uku idan dubu ɗari uku da hamsin na tafe? Mu 41 muka cike. Bayan sati biyu aka ce an zaɓi 30, kowa ya biya 12,500 kuɗin tantancewa. Ku lura da dabarar: da aka zubar da mutum goma sha ɗaya sai muka ƙara yarda, muka ce ashe da gaske ana tacewa, waɗanda aka zubar ma har roƙo suka riƙa yi a mai da su. Daga nan sai takardar taya murna mai hatimi, an rubuta kuɗin da dala, tare da bayanin cewa sai an biya 45,000 na "canji da harajin Babban Banki" kafin su sauka. Shigo-shigo ba zurfi. Duk wanda ya riga ya zuba dubu goma sha biyar da ɗari biyar, ba ya son a ce sun tafi a banza, sai ya ƙara.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ɗanta sau biyu a sati ake yi masa wankin ƙoda. Ta sayar da tunkiyarta mai ciki ta biya. Ta kira ni ta ce, "Ɗana, kai ka karanta takardar nan, ko akwai matsala?" Na ce mata babu, Gwaggo. Wannan kalmar har yau ita ke hana ni barci.

Ƙarshen wasan shi ya fi muni. Aka bi mutane ɗaya bayan ɗaya a waya, wai za a "haɗa asusunsu da na gidauniya", a kawo BVN, lambobin jikin katin ATM, da lambar da banki zai turo yanzu-yanzu. Mutum shida suka bayar, aka kwashe abin da ke ciki tas, har da kuɗin adashin mata da aka ajiye a asusun ɗaya daga cikinsu. Dattijon kuma ya yi layar zana, lambarsa a kashe.

Sai bayan hari na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, wanda bai ci mini minti biyar ba. Na ɗauki lambar rajistar da ke saman takardarsu na sa a shafin binciken hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Lambar ta fara da BN, wato rajistar sunan kasuwanci, irin ta mai shago, kuma sunan da ya fito na wani shagon kayan waya ne a wata jiha. Gidauniya ko ƙungiyar agaji a Najeriya yawanci rajistar amintattu take yi, lambarta na farawa da IT, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Asusun da muka riƙa tura wa kuɗi ma sunan mutum ne a kai, ba na gidauniya ba. Na gani a rasit ɗin mai POS tun biyan farko, na ce ai ƙila ma'ajinsu ne.

Tun daga lokacin na zauna da mutanen da suka taɓa neman tallafin gaske, kuma hanyar ba ta yi kama da wannan ba. Gidauniya takan fitar da sanarwa a shafinta, da ranar rufewa. Ƙungiya ce ke rubuta abin da za ta yi, mutum nawa zai amfana, da kasafin kuɗi dalla-dalla, ta haɗa da takardar rajista, kundin tsarinta da asusun banki mai sunanta. Ana ɗaukar watanni, sau da yawa a zo a ga wurin da ido, da yawa kuma ba sa samu. In an samu, kashi-kashi ake sakin kuɗin, sai ka kawo rahoto da rasit kafin a ƙara. Gidauniyar TY Danjuma, alal misali, ƙungiyoyi masu rajista take ba tallafin ayyukan lafiya da ilimi. Masu taimakon majinyaci kai tsaye kuwa sun fi son rahoton likita su biya asibiti da kansu. A duk cikin wannan babu inda mai nema ke biyan kuɗin fom ko na tantancewa. Wanda zai ba ka dubu ɗari uku, me zai yi da dubu ukunka? Babban Banki ma ba ya karɓar haraji daga hannun majinyaci, kuma bankinka ba zai taɓa kiranka ya nemi lambar sirrin da ya turo maka ba.

Abin takaicin, akwai ƙofofin gaske a nan kusa da mu da ba mu ƙwanƙwasa ba. Cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga kyauta take yi wa mata aiki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna kula da yara masu tamowa a Katsina ba tare da karɓar ko sisi ba. Akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA, inda ake rajista. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya suna da sashen walwalar marasa lafiya da za a je a kai kuka. Ba sa alƙawarin miliyoyi, akwai layi da jira, amma ofis ne da za ka koma gobe ka tarar da shi a inda ka bar shi.

Wanda ya riga ya ba da lambobinsa, kada ya jira gari ya waye: ya kira bankinsa a rufe katin, ya je reshe da kansa ya shigar da ƙorafi a rubuce. A adana rasit, saƙonnin murya da hoton fom, a kai wa 'yan sanda ko EFCC, don wannan zamba cikin aminci ce da dokar hana damfara ta 2006 ta tanadar wa hukunci. Malamai da masu unguwanni, don Allah kada a sake ba baƙo lasifikar masallaci ya yi sanarwar tallafi sai an bincika. Da yawanmu saboda a masallaci muka ji ne muka saki jiki.

Mun kai ƙara, mun miƙa rasit 87. Ranar Juma'a bayan sallar isha'i za mu zauna a ƙofar gidan mai unguwa mu ga abin da za a iya haɗa wa Gwaggo na wankin sati mai zuwa. Duk wanda aka kai wa irin wannan fom a wata unguwa, ya zo da shi mu gwada da namu.