Sharhi kan sabon bugun littafin Leonardo na koyar da zane

Wata huɗu ke nan ina koyar da ɗalibaina zane da wani sabon bugu na littafin Leonardo da Vinci, wanda aka ɗauko hoton shafukansa daga bugun farko da ya fito a birnin Paris a shekarar 1651. Tsofaffin kwafin wannan bugu suna ajiye a gidajen tarihi da manyan ɗakunan karatu, inda ba kowa ne ke samun damar taɓa su ba, shi ya sa na yi murna da samun wanda zan iya buɗewa a kan tebur.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, siffofin mutanen da ke ciki ba na hannun Leonardo ba ne, domin ya rasu tun 1519, kuma almajirinsa Francesco Melzi ne ya tattara rubuce-rubucensa. Nicolas Poussin, wani mai zane ɗan Faransa, shi ne ya zana siffofin a Roma bisa buƙatar Cassiano dal Pozzo, wani masani mai tara ayyukan zane, sannan René Lochon ya sassaƙa su a kan farantan tagulla domin a buga, bayan Charles Errard ya ƙara musu gine-gine da shimfiɗar ƙasa a baya, ƙarin da Poussin kansa bai ji daɗinsa ba.

Hoton da ya fi yi mini amfani shi ne na mutumin da ya ɗora kaya a kafaɗa. Na daɗe ina fama da yi wa ɗalibai bayanin yadda jiki ke karkata ɗaya ɓangaren domin ya rama nauyin da ya ɗauka, amma da suka ga yadda kafaɗa ta ɗaga, ƙugu ya goce, ƙafa ɗaya ta kafe a ƙasa, sai suka gane ba tare da dogon bayani ba. Haka kuma ƙa'idar da ta ce ramin maƙogwaro ya kan daidaita da ƙafar da ke ɗauke da nauyin mai tsayuwa. Mun sa zare a kan shafin mun auna, kuma ta tabbata. Hoton Hercules, gwarzon tatsuniyar Girkawa, yana ɗaga abokin kokawarsa Antaeus ma ya nuna yadda nauyin mutum biyu ke sauka a kan ƙafafun mutum ɗaya.

Inda bugun ya gaza shi ne girma. Na asali babban littafi ne, amma maɗaba'ar ta rage shi sosai, har siraran layukan da ke nuna inuwar tsoka suka cure wuri guda a wasu shafuka. Takardar ma ba ta da kauri, rubutun baya yana leƙowa. Mai son koyon tsayuwa da motsin jiki zai amfana da shi ƙwarai, amma mai nazarin aikin masassaƙin sai ya nemi manyan hotunan da gidajen tarihi ke sakawa a intanet.