Mai haɗa AC da na ɗauko daga Kano: yadda na ga aikinsa

Masu shaguna a kan hanyar Gumel zuwa Maigatari da suka fara sa sola suna yawan tambayata wanda ya ɗaura mini AC a kemis. Wani matashi ne da ke aiki a Sabon Gari, Kano. Yana da tsada, ba ya cika alkawarin lokaci, amma in zan sake ɗaura wata gobe, shi zan kira.

Ba don jin daɗi na sayi AC ba. Yawancin magungunan da nake sayarwa an rubuta a kwalinsu kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30, wasu ma 25. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura 40, ga rufin kwano. Sai na ƙara faifan sola, na sayi AC mai inbata, ƙarfin doki ɗaya, mai aiki da gas R32.

Akwai mai gyaran firji kusa da mu da ya ce zai ɗaura a rabin kuɗi. Na ƙi, domin na san gidan da ya ɗaura wa, duk bazara sai an kira shi ya ƙara gas. Mutanenmu sun ɗauka gas ƙarewa yake yi saboda amfani. Ba ya ƙarewa. Zagayawa yake a cikin bututu rufaffe, in ya ragu to wani wuri ne ke yoyo, kuma galibi a mahaɗar bututun, inda hannun mai ɗaurawa ya taɓa. Shi ya sa ranar aikin ban zauna a kanta ba, na bar yarona da ciniki na tsaya a kansu.

Da bututun muka fara samun saɓani. Wanda ya sayar mini da AC ya haɗo mini da naɗin bututu ja, mai sheƙi. Injiniyan ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya kankare gefe da wuƙa, sai ga fari a ciki. Alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ya ce shi ba zai sa hannu a wannan ba, don gas na zamani irin R32 da R410A sun fi tsohon R22 matsi, kuma alminiyam yakan tsage a baki ko ya ci a wurin noti. Raina ya ɓaci, na ɗauka dabarar sayar mini da nasa ce. Ya miƙo mini guntun nasa na kankare da kaina, ja ne har ciki, kaurinsa milimita 0.8. Bututun biyu ne, siriri mai kwata na inci, babba mai uku bisa takwas. Na biya ina ƙunƙuni.

Abin da ya fara burge ni ƙarami ne. Ƙarshen hunturu ne, ƙura ta cika gari, amma bai taɓa barin bakin bututu a buɗe ba. Ko zai ajiye na minti ɗaya sai ya toshe da murfi ko ya liƙe da salatif, haka ma lokacin da zai zura shi ta ramin bango. Bai yanka da zarto ba. Wani ɗan ƙarfe ne mai faifai da yake zagayawa yana matsawa kaɗan-kaɗan har ya gutsure. Ya ce garin ƙarfen da zarto ke zubarwa, in ya shiga ciki, kwamfuresa, injin da ke tura gas, zai tafi ko ya toshe siririyar hanyar gas. Da zai goge kaifin bakin ma, ƙasa ya karkatar da shi don ɓarɓashin ya zubo waje.

Daga nan ya zura baƙin soson da ke lulluɓe bututu, kowane bututu da nasa daban, ya sa noti, sannan ya buɗe bakin da na'urarsa ya yi faɗi kamar bakin algaita. A nan ne aikin yake. Wannan ɗan faɗin shi ke zama a kan mahaɗa ya hana gas fita, babu roba, babu gam, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Baki huɗu ne, biyu a na'urar cikin shago, biyu a ta waje. Kowanne sai ya ɗaga shi ga haske ya bi da farce. Ɗaya yaronsa ne ya buɗe, ni ban ga aibunsa ba, shi kuwa ya ce ya karkace gefe guda, ya yanke ya sake. Yaron ya sha faɗa a gabana, abin da ban so ba, don ya iya bari sai sun koma.

Ɗaurin noti da hannu ya fara har ya tsaya, sannan ya kama da sifana biyu, ɗaya tana riƙe, ɗaya tana ɗaurewa. Ta ɗaurewar irin mai yin ƙas ce in ƙarfin ya kai abin da littafin AC ɗin ya rubuta. In aka yi sako-sako zai yi yoyo, in aka matse da ƙarfin tuwo bakin zai tsage, kuma ba ranar za a gani ba.

Na so a ɗaura ta waje a bangon yamma don ya fi kusa. Ya ce ranar la'asar za ta gasa ta, muka mayar da ita gefen da inuwar darbejiya take, sama da inda awaki za su kai. Bututu ya zama mita 7. Gas ɗin da kamfani ke zubowa yawanci na mita 5 ne, don haka ya ɗora tukunyar gas a kan sikeli ya ƙara abin da littafi ya ce, ba da ƙiyasi ba.

Kafin wannan ƙarin, sai da ya hura naitirojin a bututun, ya bi mahaɗai da ruwan omo yana neman kumfa. Sannan ya haɗa injin zuƙe iska ya bar shi yana ta ruri. Jama'a sun taru a ƙofa ana jiran sanyi, har mai unguwa ya leƙo.

Na ce, "Injiniya, ba za a kunna ba ne? Wasu fa gas suke ɗan saki ya kore iskar, shi ke nan."

Ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri. Iskar da ke ciki tana da laima. In ta haɗu da man kwamfuresa asid take zama, ta ci wayar ciki. Kuma wannan gas ɗin yana iya kama wuta, ba na sakinsa kusa da mai shayi."

Ya fi rabin awa. Da ya kashe ma bai buɗe gas ba, ya zauna yana kallon allurar geji ko za ta motsa, har muka je sallah muka dawo tana nan inda take.

Bazara ta wuce, damina ta wuce, ba a ƙara ko giram ɗaya ba. Ma'aunin zafin da na rataye kusa da sirof yana tsayawa wajen 26 da tsakar rana, muddin akwai rana a kan faifai.

Inda ya gaza, ya gaza. Ya ce da hantsi, sai bayan azahar ya iso. Ramin bango ya huda shi da gangara zuwa waje yadda ya kamata, amma tsumma ya cusa ya tafi, sai da na kira magini ya liƙe kafin ƙadangaru su mayar da shi gida. Farin tef ɗin da ya naɗe bututun waje da shi ba ya jure ranarmu, tuni ya fara ɓarewa, soson ya fito. Tiyon ruwa gajere ne, yana ɗiga a gindin bango, na ƙara masa tsawo na kai gindin zogale. Takardar garanti kuwa sai da na matsa ya rubuta a bayan rasit.

Kuɗin aikinsa ya kusa ninka na masu ɗaurawa a nan, ga kuɗin mota zuwa da komawa, har da na tukunyar naitirojin da direbobi ke cajin ta a matsayin kaya. Ya ce in mutum biyu ko uku a gari ɗaya suka haɗu, kuɗin mota ɗaya zai karɓa. Sai dai kada a sa masa Alhamis, ranar kasuwar Maigatari motocin Gumel a cike suke, ba sa yarda su ɗaukar masa tsani.