Madubi ko Kyamara: Wanne Ya Dace da Jirgin da Ke Jan Jirgi Mara Inji?

Jirgi mara inji ba ya tashi da kansa, shi ya sa ake ɗaure shi da igiya mai tsawon kimanin mita 60 a bayan ƙaramin jirgi mai inji, kamar Piper Pawnee na Amurka, wanda asali aka ƙera domin feshin gonaki, ko Robin DR400 na Faransa. Dole ne matuƙin gaba ya riƙa ganin na baya, domin idan wancan ya yi sama fiye da kima, igiyar za ta ɗaga wutsiyar jirgin gaba ta kifa hancinsa ƙasa, kuma 'yan daƙiƙu kawai yake da su ya saki igiyar.

Madubi ya fi araha, ba ya bukatar wuta, kuma abin da ya nuna shi ne abin da ke faruwa a lokacin. Illarsa ita ce girgizar inji, wadda kan sa hoton ya yi ta rawa idan mariƙin ba mai ƙarfi ba ne. Madubi mai kumburarriyar fuska yana ɗauko fili mai faɗi, amma yana ƙanƙanta jirgin baya.

Kyamarar da aka kafa kusa da wutsiya tana nuna wa matuƙi igiyar a allo tun daga ƙugiya, wurin da madubi ba kasafai yake kaiwa ba. Sai dai mai saye daga Katsina ya yi la'akari da yanayinmu. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta saƙo a waya da tsakar rana a watan Afrilu, yana kare fuskarta da tafin hannu, ya san yadda rana ke cinye hasken allo, ga kuma zafin da kan wuce digiri 40. Da hunturu kuwa, ƙura ce za ta lulluɓe idon kyamarar tun jirgi bai bar ƙasa ba. A gwada ta kafin biyan kuɗi: a kaɗa hannu a gabanta, idan hoton ya makara ko kaɗan, a bar ta. Kyamarar da ake haɗawa da allo ta wayar lantarki ta fi mara wayar aminci a wannan fanni.

A ganina, a fara da madubi mai ƙwari, kyamara ta zo a matsayin ƙari. Ko wanne aka zaɓa, injiniya mai lasisi ne zai ɗaura shi, bisa ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.