Sinadarin silen a aikin rezin: yana kama aiki, amma a kula da ido

Duk mai aikin faiba ko zuben rezin (wannan ruwa mai kauri da yake daskarewa ya yi tauri) a Kano ya san wannan matsalar. Ka shafa ifoksi, wani irin rezin, a kan tayil ko gilashi lokacin rani, ya kama tamau, mai aiki ya biya ka yana murna. Damina na sauka sai gefe ya fara ɗagowa, kafin ƙarshen Agusta an kira ka a waya. Ruwa ne yake kutsawa tsakanin gilashin da rezin ɗin a hankali har ya raba su, domin fuskar gilashi da ta yashi sun fi jan ruwa a kan yadda suke jan rezin. Wannan ne ya kai ni ga sinadarin silen. Ina da ɗan wurin aiki a wajajen Sharaɗa, muna zuba teburin kicin da kwanon wanke hannu da rezin da garin yashi, muna kuma gyaran tankin faiba. Na ga rani da damina da wannan sinadari, kuma ba na jin zan daina sayensa. Sai dai yadda ake sayar da shi, da yadda yaranmu suke taɓa shi, yana tayar mini da hankali.

Silen ruwa ne garai-garai, wani lokaci da ɗan rawaya kaɗan. Aikinsa irin na dillali ne, hannu ɗaya riƙe da mai saye, ɗaya riƙe da mai sayarwa. Gefe guda na ƙwayar sinadarin, idan ya sami ɗan ruwa, yana ɗaurewa da gilashi ko yashi ko zaren faiba, ɗaya gefen kuma ya shige cikin rezin ya daskare tare da shi. A Amurka aka fara amfani da irinsa a shekarun 1940, saboda kayan faiba da ƙarfinsu yake raguwa idan sun daɗe a ruwa. Wanda yake zuwa mana yanzu yawanci daga Sin yake, da lambobi uku da ya kamata mai saye ya riƙe: KH-550, KH-560 da KH-570. Na farko da na biyu su ne abokan ifoksi, na uku shi ne na foliyesta, wato rezin ɗin da muke yin faiba da shi. Kamfanonin Amurka suna kiran waɗannan ukun A-1100, A-187 da A-174. Duka ukun na gwada.

Gwajin da ya gamsar da ni kowa zai iya yinsa a shago. Na yanki gilashi biyu daidai da tafin hannu, na wanke su da sifirit. Ɗaya na goge shi da silen da aka tsarma na bar shi ya kwana, ɗaya na bar shi haka. Na ɗiga ifoksi a kan kowanne, bayan ya daskare na jefa su a tukunya na tafasa su sosai. Wanda ba shi da silen, da farce na ɓamɓare rezin ɗin, ya fita sumul, ƙasansa a jiƙe. Ɗayan kuwa sai da na sa kurfi da guduma, kuma da ya tashi fita da ɓallin gilashi ya fito manne a jikinsa.

Ba a zuba shi da yawa. A garin yashi, rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyin garin ya wadatar, ke nan buhu mai kilo 50 ba zai ci fiye da giram 250 zuwa 500 ba, kuma yashi mai gari-gari ya fi mai tsakuwa ci. Na shafawa kuma, kashi 95 na itanol (wani irin sifirit) ake haɗawa da kashi 5 na ruwa, a sa silen kamar kashi 2, a ba shi minti 5 kafin a fara. KH-560 da KH-570 suna son a ɗan tsamama ruwan da 'yan ɗigon ruwan kal, KH-550 ba ya buƙata. Wanda ya lafta da yawa yana neman ƙarin ƙarfi, raguwa zai gani, domin kaurin da ya taru shi kansa ba shi da ƙwari. Tsadarsa tana bin dala, amma da yake ɗan kaɗan ake sa wa, ban ji shi a lissafin aiki ba kamar yadda nake jin kuɗin rezin.

Inda bai yi mini komai ba shi ne garin kalsiyam, wannan farin garin mai araha da kowa yake cika rezin da shi. Silen da yashi da gilashi da kawolin (farar laka) yake ɗasawa, a kan kalsiyam kusan asarar kuɗi ce. Mai sayarwa bai gaya mini haka ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. KH-550 yana cin fata, yana kuma lalata ido. A takardar bayanin haɗarinsa, wadda ake kira SDS, an sa shi cikin sinadarai masu ƙuna, kuma a jikin duronsa na asali akwai jan zane mai kusurwa huɗu da hoton ruwa yana ɗiga a kan hannu da kan ƙarfe. Amma mu ba duro muke saye ba. A gorar ruwa ko ƙaramar jarka ake tsiyaya mana, a rubuta lamba da maka, wani lokacin ma lambar ta goge kafin ka iso shago. Na taɓa ce wa wanda nake saye a wurinsa, "Alhaji, ina takardarsa?" Ya ce, "Wallahi Malam, a jikin duron take, duron kuma yana sito. Ai ba asid ba ne, kada ka damu." Gaskiya ne ba asid ba ne, ɗan'uwan sodar haɗa sabulu ne, kuma wannan ya fi muni a ido. Irin wannan sinadarin yana ci gaba da nutsawa cikin naman ido bayan ya taɓa shi. A fata ma ba ya zafi nan take. Santsi za ka fara ji, da wani ƙarni-ƙarni mai hawa hanci, sai daga baya wurin ya yi ja ya tashi. Wasu kuma idan suka yawaita taɓa shi, jikinsu yana ƙinsa gaba ɗaya, ko ɗigo ya same su sai ƙaiƙayi da ƙuraje.

Na ga wannan da idona a shagon maƙwabcina. An huda murfin gora ana matso sinadarin ta ƙaramar kafa, kafar ta toshe da farin ɓawon da silen yake yi idan ya sha iska. Yaron ya ɗago gorar daidai fuskarsa yana dubawa, ya matsa da ƙarfi. Ihunsa muka ji. Maigidansa ya ɗauko tsumma zai goge masa, na riƙe hannunsa. Muka kwantar da yaron a kan benci, kansa a karkace ta gefen idon da abin ya shiga, ni na buɗe fatar idon da yatsu biyu, wani yana tsiyaya ruwa daga buta, wani yana cika wata. Yana ta cewa, "Oga ya isa, wallahi ya isa," ba mu tsaya ba sai da muka wuce minti 15 a agogo, sannan aka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibitin ido, gorar tana hannun maigidan domin likita ya ga lambar. Allah ya tsare, idon ya tsira, amma ya daɗe da bandeji. Ba a sa madara, ba a sa man ja, ba a sa tozali. Ruwa mai tsabta kawai, da yawa, nan take.

KH-560 ba ya cin fata kamar wancan, amma shi ma an rubuta yana yi wa ido mummunar illa. Kuma shi da KH-570 suna da wani haɗarin da ba a gani. Idan suka haɗu da ruwa suna sakin metanol, kilo ɗaya yana iya fitar da kusan giram 400. Metanol shi ne gubar da take kashe jijiyar gani, ɗan kaɗan aka sha yana iya makantar da mutum, ya ɗan fi haka ya yi kisa. Cikin mutum kuwa ruwa ne, wanda ya kurɓi sinadarin, a cikinsa metanol ɗin zai fito. To a ce abu mai kamar ruwa yana zaune a gorar ruwa, a shagon da yara masu tallan abinci suke shiga, a zafin Afrilu da ake haura digiri 40. Ni dai ranar da na kawo shi nake juye shi a kwalba mai duhu mai murfin kirki, in manna takarda da lambarsa da kalmar guba da manyan baƙaƙe, boko da ajami, in kulle a akwatin ƙarfe. Idan tsautsayi ya sa wani ya sha, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa da shi tare da kwalbar.

Takunkumin ƙura da muke sa wa lokacin goga ba ya tare tururin sinadari. Iska ce magani: a haɗa a waje ko bakin ƙofa, a juya wa iska baya. Kada a sa shi a injin feshin fenti, hazonsa yana shiga huhu. Tsumma ko buroshi ya isa. Safar hannu ta naitiril nake saye, wannan shuɗiyar, in ta jiƙe a cire a sa wata. Tabarau kuma mai rufe gefe da gefe, ba na gayu ba. A shagona wanda bai sa tabarau ba ba ya taɓa kwalbar, ko ni ne.

Maganar wuta, waɗannan ukun ba sa kamawa da sauri sai sun yi zafi sosai. Itanol ɗin da ake tsarma su da shi ne abin tsoro, shi da metanol suna kamawa ko a sanyin hunturu, kuma harshen wutar metanol da kyar ake ganinsa da rana. Janareta, sigari, tartsatsin mai walda na kusa, duk a nisanta su. Akwai ma wani iri mai lamba A-171 da masu yin wayar lantarki suke amfani da shi, shi kansa yana kamawa a zafin ɗaki. Abu ɗaya da nake roƙon masu faiba: kada KH-550 ya zauna kusa da hadinar foliyesta, wannan ruwan da muke ɗigawa rezin ya daskare. Idan suka gauraya kai tsaye suna iya yin zafi har su tashi da wuta. Akwatinsu daban-daban.

Ajiya ita ce inda yanayin Kano yake nuna kansa. Da hunturu ba ni da matsala, iska a bushe take. Da damina kuwa, kwalbar da ake yawan buɗewa tana fara hazo, ta yi kauri, daga nan ta zama ƙullutu. Wanda ya yi hazo ya riga ya mutu, ko ka shafa ba zai riƙe ba. Shi ya sa nake raba shi a ƙananan kwalabe, in buɗe ɗaya in bar sauran a rufe, kuma wanda aka tsarma da ruwa ranar ake ƙarar da shi. KH-570 ba ya son rana da zafi, kada a bar shi ƙarƙashin kwano. Idan ya zube a ƙasa busasshen yashi ake zubawa a kwashe, ba a kora shi kwata. Jarkar da ta ƙare kuma ina huda ta kafin ta bar shago, domin na san idan ta fita lafiya, gobe man gyaɗa ko ruwan sha za a zuba a ciki.

Ga mai ifoksi a kan gilashi ko tayil, KH-560 nake ba da shawara a fara da shi, ya fi sauƙin sha'ani, kuma ana iya zuba shi cikin rezin kai tsaye. KH-550 yana da kamu sosai, amma idan aka sa shi a ɓangaren rezin aka ajiye, yana fara daskarar da shi, wurinsa ɓangaren hadinar ifoksi. Mai faiba ya nemi KH-570. A sayena na bayan nan na koma wurin wani mai sayarwa daban, wanda ya yarda ya kai ni sito na ɗauki hoton jikin duron da wayata, da lambar da ranar da aka yi shi, ya kuma turo mini takardar SDS ta WhatsApp. Kuɗinsa ya ɗan fi na wancan, kuma wurinsa nake saye yanzu.