Fentin mai na Winton a hannun mai koyon zanen bakin teku

Na shafe watanni ina koyon zanen teku da fentin mai, kuma duk zanen da na yi a tsawon wannan lokaci da fentin Winton na yi shi, wanda kamfanin Winsor & Newton ke sarrafawa. Kamfanin ya samo asali ne a Landan tun shekarar 1832, kuma Winton shi ne rukunin da ya tanada domin ɗalibai da masu koyo, shi ya sa farashinsa bai kai na rukunin ƙwararru ba. Abin da na sa a gaba shi ne gaɓar tekun Jamestown da ke Akara, inda kwale-kwalen masunta ke jere a kan yashi, ga kuma hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ratsin ja da fari.

Babban abin da ya sa nake yabon wannan fenti shi ne yana cire wa mai koyo rowa. Wanda ya sayi fenti mai tsada yakan matso shi kaɗan-kaɗan yana jin ciwo, alhali zanen teku yana cin fenti, musamman fari. Fentin yana zuwa a bututu irin na man goge baki, akwai na mililita 37, akwai na mililita 200, kuma shawarata ita ce a sayi farin Titanium a babban bututu tun farko, domin gajimare da kumfa da hasken da ke kwanciya a kan ruwa duk daga gare shi suke fitowa.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane cewa ruwan teku ba shuɗi zalla ba ne. Idan mutum ya tsaya ya zuba wa igiyar ruwa ido da safe, zai ga cikinta kore ne mai haske a daidai inda ta lanƙwasa, gindinta kuma ya yi duhu kamar ruwan toka, inda ta fashe a kan yashi kuwa har da ruwan ƙasa a cikinta. Shuɗin French Ultramarine da aka cuɗa da launin ruwan ƙasa na Burnt Sienna yana ba da wannan toka mai nauyi, kuma fentin yana karɓar cuɗawa ba tare da ya dagule ba. Da yake yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, na sami damar komawa washegari na sassauta layin da sama ta haɗu da ruwa da busasshen buroshi, abin da fentin ruwa ba ya bari a yi.

Ya kamata mai saye ya san abin da yake saya. Wasu launukan an rubuta musu Hue a jikin bututun, ma'ana an kwaikwayi launin ne da sinadari mai araha maimakon na asali, kuma haka kamfanin ya bayyana a fili. Ga mai koyo wannan bai rage komai ba.

Sauran abin da ya rage ƙa'idar aiki ce. A fara shafin farko da fenti mai ruwa-ruwa wanda aka sirka da turfentin, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, a riƙa ƙara mai a shafe-shafen da ke biyo baya, domin idan aka juya tsarin zanen zai tsattsage bayan ya bushe. Kumfar igiyar ruwa ita ce ta ƙarshe, kuma na fi son ɗora ta da kauri da wuƙar haɗa launi. A lokacin hunturu nakan jingina zanen ya fuskanci bango, saboda ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, sannan ba a shafa masa vanish, wato man ƙyalli da ke kare zane, sai ya yi aƙalla wata 6 da gamawa.