Mun cike kogon ƙarƙashin falo da kankare: yadda na ga aikin maginan

Shekara 6 muna zaune a kan daɓen katako, ƙarƙashinsa kuma wani kogo ne da sai da jan ciki ake shigarsa. Da an fara ruwa sai falo ya ɗauki warin rima, takalman bayan ƙofa su yi fumfuna. Ran da na ɗaga katako ɗaya na soka sukundireba a gungumen da ke riƙe da daɓen, ta nutse kamar a cikin soso, a ranar na kira magina.

Sun ɓamɓare katakon duka, suka cike ramin da tsakuwa hawa-hawa, kowane hawa sai inji ya daddaɓe shi, sannan suka bi da yashi don kada tsinin dutse ya huda ledar da ake shimfiɗawa don hana danshi tasowa. Wajen shimfiɗa ledar nan suka shiga raina. Mai kauri ce, bakin wata a kan wata, an manne da tef, an ɗago gefenta jikin bango. Wani yaron aiki ya ja shebur a kanta ta ɗan yage, abin da bai kai tsawon yatsa ba. Ubangidansa ya tsayar da kowa sai da aka yi faci, yana cewa, "Ƙanena, ta nan ruwan zai dawo." Daga nan aka jera allunan soso mai tauri masu hana sanyin ƙasa ratsowa, kaurin santimita 10, da siririn yanki a kewayen bango, aka zuba kankare shi ma santimita 10.

Ƙorafina shi ne ba su faɗa mini tun farko cewa ƙwari daban, bushewa daban ba. Kankare yakan yi ƙwari a kwana 28, amma danshin cikinsa yana cin kusan wata guda a kowane santimita 2.5. Wata 4 muka yi kayan falo jibge a ɗaki ɗaya kafin a shimfiɗa komai a kai. Bututun ruwa ma ni na tuna musu su zura shi cikin wani babba, don in kankare ya rufe shi, gyara sai an fasa.

Damina 2 ke nan. Warin ya tafi, da asuba ina taka daɓen ba takalmi ƙafata ba ta ƙanƙarewa. Gindin bango kawai nake yawan shafawa, domin danshin da aka toshe wa hanya yakan nemi bango ya hau. Kawo yanzu fenti ko kumbura bai yi ba.